Kujerar Gidan Gaba

Motar da mai gidana ya bari doguwa ce, mai kujeru layi uku. Fara ce a da, amma hanyoyin Roni sun mai da ita kalar ƙasa. Da aka raba gado sai ta faɗo wa ɗana na fari, domin shi ne ya koyi tuƙi a hannun mahaifinsa. Ba zan rubuta sunansa ba. Tun ranar da aka raɗa shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba don na koyi riƙe alƙalami da girmana zan fara yau ba. Direba nake ce masa, shi ma sai in ta kama dole. Haka aka tashe mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tare masa faɗa a gaban mutane. Na riƙe wannan tarbiyya, har gobe ina ganin girmanta. Amma akwai wata damina da tarbiyyar nan ta kusa shaƙe ni.

Yana lodi daga Roni zuwa Kazaure, wani lokaci Gwiwa, ranar kasuwa kuma ya miƙa Babura da buhuna a sama. Sa'o'insa duk sun watse, wasu na acaɓa a Legas, wasu ma ba a san inda suke ba. Shi motar nan ce ta riƙe shi a gida, da matarsa, da jaririyarsu. Ni kuma ina soya waina a cikin gida, yara na fita da ita. Da haka muke rufa wa juna asiri.

Wata rana ya dawo ya ce motar tana numfashi. In ya faɗa rami sai ya ji ƙasanta yana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙofofi na kuka. Ya kai ta wurin wani mai walda a Kazaure, mutum mai furfura a gemu wanda ya san mahaifinsa. Mai walda ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce ƙashin motar ne ya tsage, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, kuma tsagar tana daidai ƙasan kujerar gidan gaba, gefen fasinja. Ya ce liƙi kawai ba zai yi ba, sai an shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, su haɗe gaban motar da bayanta. Ya ƙara da cewa a kawo ta rumfarsa inda yake da daɓen siminti, domin yadda mota take tsaye lokacin da wuta ta kama ƙarfen, haka za ta zauna har ta mutu.

Sai maganar ta je kunnen Yaya.

Yaya shi ne wan mai gidana, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar. Yara na ce masa Baffa. Ɗan kasuwar hatsi ne, babban mutum a jiki, in ya zauna a benci sai ɗaya gefen ya ɗaga. Ba zan ce mugu ne ba, Allah na gani. Shi ya tsaya a kan marayun nan. Amma mutum ne da bai yarda akwai aikin da zai yi kyau in ba idonsa a kai. Ya ce motar ƙaninsa ba za a buɗe cikinta a inda ba ya gani ba, masu walda suna sa ƙarfe marar kauri su shafe da baƙin fenti. A kawo mai walda ƙofar gida.

Wanda ya san Roni ya san ƙasarmu. Duwatsu ne da gangare. Ƙofar gidanmu ta karkata zuwa kwari, ko tulu ka ajiye sai ka tokare shi. Mai walda ya zo da janaretonsa a bayan a-kori-kura, ya dubi wurin, ya dubi direba. Ya tuɓe riga ya hau aiki.

Daga inda nake suya, in an ɗage asabarin zaure, ina hango ƙofar gida. Na ga duk abin da ya yi, kuma na gane shi, domin ni ma kullum shi nake yi. Kafin in zuba ƙullu sai na daidaita tanda a kan murhu, in ɗiga ruwa a gurabenta in ga inda ya karkata, in cusa ɗan tsingaro a ƙasa. In ban yi haka ba mai ya taru gefe guda, waina ta fito rabi ƙonanna rabi ɗanya. Shi ma ruwa ya yi aiki da shi. Ya ɗora kowace taya a kan katakai don ya sami wurin shiga ƙasa. Ya ɗauko dogon tiyo irin na magina, wanda ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa. Direba ya riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa ta motar, shi ya riƙe ɗayan a waccan, yana sa alama da alli. Inda ta yi ƙasa ya ɗaga da jak ya ƙara siririn katako, ya sake aunawa. Tun hantsi yake wannan har rana ta take. Ya cire kujerun baya da ledar ƙasa saboda wuta. Kujerun gaba ya bar su, ya ce ta ƙasa zai bi.

Ya gama ke nan, ya ɗaure tiyon a jikin motar don ya riƙa duba shi, sai ga Yaya ya dawo daga kasuwa. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa sababbin ƙarafan da sandarsa, ya ce ba laifi. Ya nemi inuwa. Inuwar darbejiya ta koma bayan katanga a wannan lokaci. Sai ya buɗe ƙofar gidan gaba, ya tattare babbar rigarsa, ya taka katako, ya shige ya zauna.

Na ji motar ta yi ƙara. Daga nesa na ga ruwan tiyo ya bar alamar alli.

Mai walda ya ɗaga tabarau. Ya ce, "Alhaji, tartsatsi zai taɓa maka riga. Ga tabarma can."

Yaya ya ce, "Na ga wutar da ta fi wannan. Yi aikinka, Malam."

"Akwai zafi a ƙasan kujerar, ranka ya daɗe."

"In ya yi zafi zan faɗa maka. Ko akwai abin da ba ka so in gani ne?"

Mai walda ya dubi direba. Direba ya dubi ƙasa. Maza suna nan tsaye, maƙwabta, har da masu gemu, kowa ya ga abin da na gani. Babu wanda ya buɗe baki. A garinmu ba a ce wa babba tashi. Ana iya ce masa ga wuri mafi kyau, ana iya ce masa ana kiransa, amma kalmar nan ta tashi ba ta fitowa.

Na dama fura da sauri, na sa nono mai kyau, na aika a ce wa Yaya ga fura a zaure, an shimfiɗa masa buzu. Ya ce a miƙo masa nan. A cikin motar ya sha ta, ya yaba, ya aiko da kwanon.

Mai walda ya yi abin da zai iya. Ya ɗauko jak ya ƙara katako a gefen Yaya har ruwa ya koma kan alama, da Yaya a ciki. Ya shiga ƙasa ya kama ƙarfen gefen direba da wuta. Yana cikin yi aka kira azahar. Yaya ya sauka, motar ta ɗago. Da aka idar ya tsaya gaisawa da mutane a ƙofar masallaci, mai walda ya ce bari ya yi sauri kafin ya dawo, ya sake gyara katakai, ya fara ɗaya gefen. Bai kai rabi ba Yaya ya dawo ya koma mazauninsa. Aka ƙarasa a haka. Ƙarfe ɗaya an ɗinke shi da mutum a sama, ɗayan rabi babu kowa rabi da mutum.

Da aka sauke ta daga katakai, ƙofar gidan gaba ta ƙi rufuwa. Sai an sa gwiwa an ɗaga ta sannan a buga. Yaya ya ce sabon aiki ne, za ta saki.

Ba ta saki ba. Sitiyari ya riƙa ja gefe, direba na dawowa gida yana matsa kafaɗa. In tana tafiya a kan kwalta ka tsaya a bayanta, sai ka ga gabanta na nan bayanta na can, kamar tafiyar kare. A tasha aka sami abin dariya. Matarsa ce ke kawo min labarin, tana yi tana share ido. Wai kamasho ya ce, "Direba, faɗa mana gaskiya, Gwiwa za ka ko Babura? Kanta ya nufi Gwiwa, gindinta ya nufi Babura, mu san wanda za mu sa." Wani ya ce a riƙa karɓar fasinjan gari biyu lokaci guda. Shi ma direba yana taya su dariya, don in bai yi ba abin ya fi ciwo.

Tayar gaba ta cinye ta gefe guda har zare ya fito. Ya juya ta, ɗayar ma ta cinye. Rannan a hanyar Gwiwa, da mata cike a ciki za su biki, taya ta fashe, motar ta kwashe su ta shiga gonar gero. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo sai wata tsohuwa da ta fasa leɓe. Shugabannin tasha suka ce kada ya ƙara lodi sai an gyara. Ban ga laifinsu ba. Da 'yata ce a ciki ni ma abin da zan ce ke nan.

Da la'asar ɗin ranar Yaya ya tara maza a zaure. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, katanga ce kawai tsakaninmu. Na ji shi da kunnena.

"Hannunsa ne. Yaron nan hannunsa ba shi da kyau. Ubansa ya yi shekaru da motar nan bai taɓa shiga gonar mutane ba. An yi mata aiki a gabana, ƙarfe mai kauri, ina zaune a ciki aka yi. Saura me? Ko dai in nemo dattijon direba in ba shi, ko a sayar a huta."

Ina zaune a ciki aka yi. Da bakinsa ya faɗa, yana kafa hujja da shi. Na jira in ji wani ya yi ko da gyaran murya. Waɗanda ke zauren nan su ne suka tsaya a ƙofar gida ranar walda. Sai na ji ana "Haka ne, Alhaji," "Yaran yanzu sai haƙuri." Na ji muryar direba can ƙasa yana cewa, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa."

Shinkafar da ke hannuna na matse ta har ta huda min tafi. Ni ba mai faɗa ba ce, ko kaza ban iya kora da ƙarfi ba. Amma a ranar na ji haushi ya taso min. Ba na Yaya kaɗai ba. Na ji haushin maƙwabta da gemunansu. Na ji haushin mai walda da ya san gaskiya ya kunna wuta a kan ƙarya. Na ji haushin direba da ya ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba. Kuma babu inda zan kai wannan haushi. Da ƙanin direba ne aka yi wa haka, zan iya leƙa zaure in ce Yaya a duba dai. Amma ɗan fari? In na buɗe baki, kafin magariba gari ya ɗauka: ga wadda ba ta da kunya, tana tare wa ɗanta na fari. Maganar mota ta mutu, a koma maganata.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna. Ya ce, "Inna, akwai wanda ya ce zai ba ni babur a Legas. Na haɗa jaka."

Ban dube shi ba, ba na dubansa dama. Na ce wa tukunyar da ke gabana, "A dai dakata kasuwa ta ci."

Washegari na ce zan je Kazaure sayen shinkafar waina. Na saya kuwa, don kada in yi ƙarya. Daga nan na tambayi rumfar mai walda. Yana ganina ya gane ni, ya ajiye abin hannunsa, ya rusuna. Muka gaisa har ƙasa, na tambayi iyali, ya tambayi marayu.

Na ce, "Malam, motar da ka yi wa aiki tana tafiya a karkace."

Ya ce, "Na ji, Hajiya. Wallahi tun ranar ban ji daɗi ba."

"Ruwan tiyonka ya faɗa maka. Ni ma daga cikin gida ya faɗa min."

Ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "To Hajiya, ke za ki iya ce masa ya tashi?"

Na ce ba zan iya ba.

"To kin gani. Ni baƙo ne a ƙofar gidansa, ya riga ya ce ko ina ɓoye wani abu. In na tattara kayana na tafi, a ce na raina shi. In na yi, ga abin da ya fito."

Na tambaye shi ko tana gyaruwa. Ya ce za a iya yanke ƙarafan, a bar motar ta sauka ta huta a kan daɓe, a sake aunawa a ɗinke. Amma sau ɗaya. Ƙashin ya tsufa, ya sha wuta, in aka sake kuskure ba zai ɗauki ta uku ba, sai dai a sayar wa masu gwangwan. Ya ce, "Kuma Alhaji zai biyo ta. In ya zo nan ma gidan gaba zai nufa. Mutum ne mai son gidan gaba."

Ina sauraronsa ina kallon bakin rumfar. Wasu direbobi na zaune suna cin rake a kan wata tsohuwar kujerar bas da aka ajiye a ƙasa. Na ce, "Waccan kujerar, ina motarta?"

Ya waiwaya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce, "'Yan notuna ne ke riƙe da ita, Hajiya."

Saura Yaya. Na same shi da safe bayan ya karya, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ban ambaci direba ba ko da wasa. Na ce, "Yaya, na ji an ce za a sayar da motar marigayi. Duk yadda ka yi daidai ne. Sai dai kada a kai ta kasuwa a karkace, mutane su ce haka ya bar ta. A miƙar da ita tukuna, kai kuma ka tsaya a kai, don in ba ka nan ba za su yi da kyau ba."

Ya ce, "Kin yi magana. Ai ku mata wani lokaci kuna da tunani."

Na ce na gode. Na haɗiye wannan ma.

Ya aika a kira mai walda, aka dawo aka ce janaretonsa yana wurin haya, sai dai a kai motar rumfa. Ban tambayi gaskiyar wannan ba. Direba ya lallaɓa da ita tun da sassafe. Yaya ya ce zai biyo baya in ya sallami masu auna masa hatsi. Ni kuma na ce shinkafar da na sayo tana da tsakuwa, zan mayar. Tana da tsakuwar kuwa.

Na zauna wurin wata mai abinci da ke kallon rumfar. Motar na kan daɓe, tayoyi a kan katakai, tiyo a ɗaure. A gindin bishiyar da ke gefe an ajiye kujerar gidan gaba, an kakkaɓe ta, an shimfiɗa tabarma a gabanta, ga buta, ga ruwan sanyi a kwano.

Yaya ya sauka daga acaɓa. Ya zagaya motar da sandarsa. Ya kama ƙofar gidan gaba, ya fizge ta kamar yadda kowa ya koya, ya tattare riga. Sai ya tarar da fili, ƙarfe tsirara da ramukan noti.

Mai walda ya matso da sauri ya ce, "Alhaji, mun fitar maka da ita inuwa. Daga can ka fi ganin ƙasan motar, ba abin da zai ɓuya maka."

Yaya ya dubi kujerar, ya dubi motar. Na tsorata, don akwai kujerar direba a ciki, ba a cire ta ba. Amma Yaya bai taɓa zama a mazaunin direba ba, a wurinsa wannan wurin yaro ne. Ya taka ya je inuwa ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Yawwa. Haka ake yi wa manya."

Da mai walda ya yanke ƙarfe na biyu, motar ta yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara, kusurwarta ta sauka. Kowa ya ji. Ya bar ta ta huce, ya bi kusurwa kusurwa da tiyo da alli, yana ƙara katako yana ragewa, ba ya sauri. Yaya na daga inuwa yana ba da umarni, a ɗaga nan, a duba can. Mai walda na cewa to, yana yin abin da ruwa ya nuna masa. Ya ɗiga wuta kaɗan a wannan gefe, kaɗan a wancan, ya fito ya duba tiyo, ya koma. Da aka kira azahar Yaya ya tashi ya dawo, ruwan bai motsa ba.

Aka sauke ta. Direba ya tura ƙofar gidan gaba da yatsa, ta rufe.

Yaya ya ce, "Ai dama na faɗa, aikin farko bai yi ba. Malam, ka ji tsoron Allah a sana'arka." Mai walda ya ce in sha Allahu zai kiyaye. Ban taɓa jin Yaya ya faɗi haka a baya ba. Abin da na ji ya faɗa, a zaure, a gaban maza, shi ne hannun yaron ba shi da kyau. Wannan maganar bai janye ta ba, a ranar ko bayanta.

Aka mayar da kujera aka ɗaure. Yaya ya shiga gidan gaba, ni ina can layin ƙarshe da buhun shinkafata. Motar ta miƙe a kan kwalta sak, direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Da muka kusa gida Yaya ya ce, "Yau dai ka yi tuƙi kamar mutum. In ka ci gaba a haka zan bar maka ita."

Ya ce, "Na gode, Baffa."

Na juya fuskata ga taga ina kallon duwatsu.

Bai tafi Legas ba. Matarsa ta kwance jakar ta mai da kayan cikin akwati. Har yau yana lodin Kazaure da Gwiwa, jaririyar nan ta girma tana bin sa wankin mota. Yaya kuma ya tsufa, in ana hira yakan ba da labarin yadda ya tsaya aka miƙar da motar ƙaninsa, ana ce masa Allah ya saka. Ina kai masa fura kamar kullum.

Sai dai da safe in an ɗage asabari, ina ganin direba yana shirin fita. In zai rufe wa fasinja ƙofar gidan gaba, har yanzu sai ya sa gwiwa ya ɗaga ta, alhali ta daɗe da daina buƙata. Bai san yana yi ba. Duk ranar da na gani sai haushin nan ya sake taso min, in sunkuya in juya wainata.